Wushiryar Aro

Na taɓa yin wushirya. In na faɗi haka yanzu, sai mutum ya kalli bakina, ya ga haƙora a haɗe gam, ya yi murmushin nan da ake yi wa wanda ya shirga 'yar ƙarya. To ba ƙarya nake ba. Na yi ta kusan wata biyu, a daminar farko da muka yi a Abuja, ina 'yar shekara tara.

Ni wada ce. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, don ba na son kwana-kwanar da mutane ke yi, su ce "'yar gajeruwar nan" ko "baiwar Allahn nan", suna rage murya kamar a gidan makoki. Hannuwana gajeru ne, ƙafafuna ma haka, kaina babba, goshina ya turo gaba. Iyayena dogaye ne su duka, ƙannena biyu kuwa tun ba su shiga makaranta ba suka kere ni. Wannan kowa yana gani. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne bakin irinmu. Tsakiyar fuskarmu ba ta girma yadda ta sauran mutane ke yi, sai muƙamuƙin sama ya tsuke ya koma ciki, na ƙasa kuma ya yi gaba abinsa. Haƙorana na sama sun fito a cunkushe, wani ya hau kan wani, wani ya juya gefe don bai sami wuri ba. Harshena ya yi wa bakin yawa. Da baki nake numfashi, kuma ƙannena sun rantse minsharina ya fi na Baba.

Baba mai buga tafireta ne a wata ma'aikatar gwamnati a Legas. A shekarun nan ne ake ta kwaso gwamnati daga can, ofis bayan ofis, sai aka zo kan nasu. Aka ba mu gida a hawa na biyu a Garki, mai ƙanshin sabon fenti, tagoginsa duk sun fi ƙarfin tsayina. Abin da na fara mallaka a Abuja kujera ce 'yar tsugunno, wadda nake ja zuwa bakin taga in hau.

Garin a lokacin bai gama zama gari ba. Tituna ne shimfiɗa-shimfiɗa, faɗin ɗaya ya isa a yi sallar idi, amma in ka bi shi sai ya ƙare a bakin gonar doya. Fitilun kan titi suna tsaye cikin ciyawa, babu gida kusa da su. Da safe gajimare yakan sauko ya kwanta a kan duwatsu har ya rufe su, sai ka ɗauka an kwashe su ne zuwa wani wuri, can da hantsi a dawo da su. Manyan motoci suna wucewa a hankali ɗauke da kabad-kabad na ofis da kujeru sun ɗaga ƙafafu sama. Nakan wuni a tagar nan ina kallo. A tunanina na yarinta, gine-ginen tsirowa suke yi saboda ruwan sama, don kullum na leƙa sai in ga wanda babu shi jiya. Har cikin raina na yarda cewa a wannan garin duk abin da bai gama girma ba ana iya ƙarasa shi.

Wani abokin aikin Baba ne ya ba shi labarin likitar. Ya ce akwai wata mai gyaran jerin haƙora, irinsu ba su da yawa a ƙasar, aikinta ya rabu biyu, rabi a Legas rabi a wani asibiti a Gwagwalada, takan zo ta yi 'yan kwanaki ta koma. Muka shiga bas ni da Baba da Umma, muka wuce Giri da tukwanenta jere a bakin hanya, ina tsaye a kan kujera don in ga waje.

Likitar Bayarabiya ce, doguwa, da tabarau rataye a wuya. A Katsina ta yi bautar ƙasa, a can ta tsinto Hausarta, wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Yarinya, zo ka zauna," in ji ta. "Kujera ba ya cizo."

Na tsaya ina jiran abin da na saba, wato a sunkuce ni ta hamata a dire kamar tulu, ba tare da an tambaye ni ba. Duk wanda ya yi min haka sai na shure shi, ko liman ne. Ita kuwa sai ta tura min wani ɗan benci da ƙafa, ta juya tana wanke hannu, ta bar ni na hau da kaina. Daga nan ta gama da ni. Ta naɗe tawul biyu ta cusa a bayana, ta sa kwali a ƙarƙashin ƙafafuna don kada su yi ta reto. Nas ta kai hannu za ta kwantar da kujerar sosai, likita ta riƙe ta. Ta juya ga Umma ta ce yara irina ƙofar da ke tsakanin ƙoƙon kai da wuya a matse take, don haka kada a taɓa lanƙwasa kaina baya, ko a asibiti ko a gida ko wajen kitso. Umma ta ce to. Tun daga ranar ita take min kitso da kanta.

Ta daɗe tana leƙen bakina da ɗan madubi. Sannan ta haɗa tafukan hannunta biyu ta nuna wa iyayena. Ta ce ganɗa, wato rufin baki, ƙashi biyu ne da suka haɗu a tsakiya, kuma a bakin yaro mahaɗar ba ta gama ƙamewa ba. In aka bi a hankali ana iya buɗa ta, muƙamuƙin ya yi faɗi, haƙora su sami wurin zama, wataƙila hanci ma ya ɗan sami hanya. In aka bari na girma, mahaɗar ta ƙame, sai dai aikin tiyata. Ta rubuta wani dogon suna a katina, achondroplasia, wanda Baba ya yi ta maimaitawa a bas har ya iya, don shi mutum ne mai girmama kalma.

A ranar ta cika min baki da wani kwaɓi ruwan hoda mai ɗanɗanon minti, ta zare shi da siffar haƙorana a jiki. Bayan mako biyu muka koma, ta liƙa min ƙarfen. Zobba ne a turamen haƙorana na sama, hagu da dama, sandunan ƙarfe sun haɗa su, a tsakiya kuma ɗan noti mai huji yana kwance a ƙarƙashin ganɗata. Sai ta fito da makullinsa, wani ɗan siririn ƙarfe da bai kai tsinken ashana biyu ba, an ɗaure masa zare don kada a haɗiye shi. A hannun Umma ta danƙa shi, don Baba tun da sassafe yake fita ya tari motar ma'aikata, ita kuwa mai ɗinkin hula ce, idonta ya saba da ƙaramin huji.

"Sau ɗaya kullum, Madam," in ji likita. "Ka sa makulli, ka tura baya, ka cire. Kwana ashirin. Ashirin ya cika, ka tsaya, ko ban dawo ba. Ni zan zo in ɗaure shi da waya." Har mun kai ƙofa ta ƙara da cewa, "Haƙori na gaba zai rabu kaɗan. Kar ka damu, in an daina juyawa zai rufe da kansa."

Da muka isa gida Umma ta ƙirga ƙwayar wake ashirin ta zuba a gwangwanin madara, ta ɗora a kan kanta a kicin. Kullum aka juya sai ta cire ɗaya.

Har yanzu in na rufe ido ina iya komawa safiyoyin nan. Bayan Baba ya fita, Umma takan shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar baranda, inda haske ya fi, ta ɗora matashi a cinyarta, in kwanta. Hannunta na hagu a ƙeyata, zaren makulli a naɗe a yatsanta. Ta ce, "Buɗe." Daga ƙasa nake kallonta, haɓarta da ɗan kunnenta da sararin sama a bayanta. In ta tura makullin ba zafi nake ji ba. Wani nauyi ne yake tasowa ya tsaya a karan hancina, tsakanin idanu, sai in ji kamar wata ƙofa ce can cikin kaina ake turawa a hankali. Idona ya kawo ruwa, ƙarar motocin da ke baje ƙasa a nesa ta dusashe, gajimaren ya yi ta tafiya. Nakan so a bar ni a kwance haka. Sai ta ce, "Tashi, kin danne min ƙafa."

Kwanakin farko maganata ta lalace, yawu yana zuba, tuwo yana maƙalewa a saman ƙarfen, ƙannena suna kwaikwayona ina bin su da muciya. A wajen kwana na takwas ne na ji harshena ya faɗa wani wuri da bai sani ba.

Wadda ta fara gani wata mata ce daga Jiwa, Gbagyi, da ke kawo mana doya da itace, kayan a kafaɗarta yadda suke ɗauka. Ta sauke a ƙofa, na yi mata sannu, sai ta tsaya tana kallona.

"Madam, yarinya naka ya yi kyau fa," ta ce da Umma. "Ka ce ya yi dariya."

Ban yi dariya ba, na haɗe rai, don na ɗauka tsokana ce. Amma da yamma Hajiyar da ke ƙasa da mu, Bakatsiniya, matar mai kantin layinmu, ta shigo aron turmi. Ta kama haɓata ta juya ni wajen haske.

"Ke, dama wushirya ce da 'yar nan kuke ɓoye mana? Tubarkalla masha Allah. Ai wannan ko a cikin dubu sai an tona."

Wanda ba namu ba zai yi mamakin wannan murna a kan rata tsakanin haƙora biyu. A wurinmu wushirya ado ce da ba a saye a kasuwa. Ana yi mata waƙa, ana yabon amarya da ita, mai ita ko abin dariya bai kai ba sai ta yi. Na san duk wannan, amma ban taɓa kawowa a raina cewa abin zai biyo ta kaina ba. Tun da na yi wayo na san yadda ido yake yi da ni. Yakan fara daga goshi, ya gangara zuwa ƙafa, ya dawo, sannan mai shi ya ce, "Allah sarki." Ranar nan idon Hajiya ya zo fuskata ya tsaya, bai gangara ba.

Na ja kujerata zuwa gaban madubin Umma, na hau, na yi murmushi. Ina nan har aka kira magariba.

Daga nan kwanakin suka zama wasu iri, har ba na iya jera su. Na ciri tsinken tsintsiya na gwada, ya shige. Bayan kwana uku tsinken ashana ya shige. Na koyi tsartar da ruwa ta tsakanin, daga baranda har kan ciyawa. In na ja numfashi iska mai sanyi takan bi ta wurin, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Aka yi suna a bene na gaba, Umma ta sa min kwalli da atamfar salla, mata suka yi ta kirana, "Zo nan, mai wushirya." Wata ta ce ta yi wa ɗanta kamu. Na san wasa take yi, amma irin wasan da ake yi wa sauran 'yan mata ne, ba a taɓa yi min ba. Na waiga na ga Umma a zaune cikin mata, ta rufe baki da gefen mayafi, idanunta suna dariya. Ban taɓa ganin ta zauna a tsakiyar taro ba sai ranar, kullum a bakin ƙofa take don mu samu mu zame da wuri.

Wake ya rage uku a gwangwani na tuna maganar likita.

"Umma, in an daina juyawa rufewa za ta yi?"

"Haka likita ta ce."

"Duka?"

Ta ci gaba da ɗinkinta. "Haka ta ce."

A makon ne Baba ya je Gwagwalada ya dawo da labarin cewa likita ba ta zo ba. Kayan sashensu ake haɗawa a Legas, an riƙe ta, ba wanda ya san ranar dawowarta, kuma wayar asibitin ba ta shiga. Baba ya ce ba komai, ai ta faɗi abin da za a yi.

Washegari da Umma ta shiga wanka na ja kujerata zuwa kicin. Kantar ta yi min nisa ko da na hau, hannuna bai kai ba, sai da na sa ludayi na jawo gwangwanin. Na ɗebo wake biyar daga buhu na zuba, na tura shi da ludayin ya koma. Ban ji na yi laifi ba. Abuna ne ake shirin ƙwacewa.

Da safe Umma ta sauko da gwangwanin ta leƙa. Matar da in ta kalli tafin hannu ta san an rage mata gishiri. Ta ɗan jima tana kallo, sannan ta cire ƙwaya ɗaya, ta shimfiɗa tabarma, ta ce, "Zo ki kwanta."

Na yi murna da wayona. Da biyar ɗin suka kusa ƙarewa na ƙara wasu biyar. A karo na uku na jawo gwangwanin da ludayi ina sa ran in tarar da ƙwaya ɗaya, sai na tarar da shida. Na juye su a tafina na sake ƙirgawa. Na tsaya a kan kujerar nan ina jin ƙarar ruwan wankan Umma ta bango. Sai na mayar da su na sauka. Ba ta ce min komai ba, ni ma ban ce mata ba.

Wushiryar ta kai tsinken ashana biyu. Amma a can baya, inda ba mai gani, abubuwa sun fara lalacewa. Turamena na sama sun yi waje har sun wuce na ƙasa, in na rufe baki ba sa haɗuwa, goga juna kawai suke yi su zame. Na daina iya tauna nama, daga baya har doya. Kumatuna ta ciki duk na cije su. Ciwon kai ya zauna min a goshi tun daga hantsi. In an zuba abinci sai in ce na ƙoshi, kuma ba tare da na roƙa ba sai in ga Umma ta dama min kunun gyaɗa ta ajiye.

Wata rana muna cin abinci Baba ya dube ni da kofin kununa.

"Wai ashirin ɗin nan ba ta cika ba har yanzu?"

"Saura kaɗan," in ji Umma, idonta a kan kwano.

Baba ya gyaɗa kai. A saninsa matarsa ba ta ƙarya, a sanina ni ma haka ne, sai ranar.

Abin ya tsaya ne wata safiya da ta tura makullin na yi ƙara. Wannan karon zafi ne sosai, ya tsaga daga turmi har kunne. Ta zare makullin da sauri, muka ga ɗan jini a jikin zaren. Ta zauna da kaina a cinyarta ba ta motsa ba. Can ta miƙe ta ɗauko gwangwanin, ashe ta sake ƙara wake, ta juye shi a tukunya.

Bayan kwana goma aka aiko cewa likita ta iso. Mu uku muka sake tafiya. Ta tura min bencina, ta gyara min tawul, tana tsokanata wai na rame. Da ta sa madubi ta leƙa sai tsokanar ta tsaya. Ta ce in cije. Ta ce in sake cijewa. Ta ɗora tabarau ta daɗe tana duban notin.

"Madam, nawa ka juya?"

"Ni ce," na faɗa da madubin a bakina. Na ture hannunta. "Ni na ƙara wake. Ita ba ta sani ba."

"Ni na juya," in ji Umma. "Talatin da biyar. Ina sane."

Baba ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Bai ce komai ba, a nan ko a gida, kuma da ya yi faɗa da ya fi mana sauƙi.

Likita ta ɗaga leɓena na sama da yatsa ta kalli wushiryar. Ta sauke numfashi.

"Mu ma a garinmu abin ado ne," ta ce a hankali. "Da ya kamata in yi tunanin haka. Ya yi kyau, ba ƙarya." Sai ta saki leɓen, muryarta ta canja. Ta ce turamen nan da aka tura ba na nono ba ne, na dindindin ne, in sun tafi babu wasu a baya. An kai saiwarsu gaɓar ƙashi, da an ƙara kaɗan da sun fara girgiɗi. Dole a koma baya. Ta juya notin da kanta sau uku a ranar, ta ce sauran sai a hankali, bayan kowane kwana biyu sau ɗaya, har sau goma sha biyu, don ita jibi za ta sake komawa Legas. Ta miƙa wa Baba makullin.

"Ki ba ni," in ji Umma. "Ni na buɗe."

Likita ta dube ta, ta dubi Baba. Baba ya ce shi zai riƙe lissafi. Sai ta ba ta.

Na yi fushi irin wanda ban taɓa yi ba. Likita ba ta cikin fushin, Baba ma haka. Umma ce. Ni a ganina mu biyu ne a cikin maganar nan, ta san abin da wushiryar take a wurina, amma ga ta da bakinta ta roƙi a ba ta makullin rufewa. Na daina yi mata magana. In ta ce zo ki kwanta, sai in zo in kwanta kamar icce, in buɗe baki, in rufe ido don kada in ga fuskarta. Juyawa baya ta fi wuya, sai ta lalubi hujin daga ciki ta jawo shi gaba, wani lokaci makullin ya zame sau biyu sau uku. Ba ta taɓa yin tsaki ba.

Ciwon kan ya tafi. Turamen suka fara neman juna. A gaba kuma haƙoran biyu suna matsowa da kansu, ko ranar da ba a juya ba. Tsinken ashana biyu suka ƙi shiga, sai ɗaya. Daga baya ɗayan ma ya ƙi. Na koma tsinken tsintsiya, ina zaɓen mafi siriri, har ina cusa shi da ƙarfi ko zai hana su haɗuwa. Matar Jiwa ta kawo doya ta gaishe ni ta tafi. Hajiya ta gamu da ni a matakala, ta kama haɓata kamar wancan karon, ta duba.

"Ashe ta aro ce," ta ce. "Allah sarki."

Ba da mugunta ta faɗa ba, na sani. Na hau sama na shige bayan ƙofa na yi kuka har na gaji.

Ranar juyi na ƙarshe Baba ya faɗa kafin ya fita cewa yau ne sha biyu. An kwana ana ruwa, duwatsun duk sun ɓace cikin hazo. Na kwanta, na buɗe baki, na rufe ido. Na ji makullin ya shiga hujin, amma ba ta ja ba. Ta bar shi a nan, hannunta ɗaya a ƙeyata. Na san yanzu da gangan ta zaɓi lokacin da ba zan iya magana ba.

"Da na haife ki," ta ce, "mata sun cika ɗaki 'yan barka. Kowacce ta karɓe ki, ta buɗe zani ta duba, sai ta miƙo min ke ta ce Allah ya raya, a hankali. Wata ma mantawa ta yi ta ce min sai haƙuri. Ranar suna ba wadda ta yi guɗa."

Na buɗe ido. Ba ni take kallo ba, hazon take kallo.

"Shekara tara ina jira wata ta dube ki ta ce min 'yarki kyakkyawa ce. Da aka faɗa sai na kasa tsayawa. Ina ganin ba kya cin abinci, ina juyawa. Ba don ke kaɗai na yi ba, har da ni. Ki yafe min."

Fushin da na riƙe wata guda ya sake ni, tausayinta ya kama ni, amma a ƙarƙashinsa wata tambaya ta taso da ban taɓa sanin ina da ita ba. Shekara tara tana jiran wata ta faɗa. To ita fa? Ita da ke min wanka, take min kitso, take kallon fuskar nan kullum daga sama. Me ya hana ta faɗa da kanta? Yanzu da wushiryar ta tafi, ita me take gani?

Ta ja makullin. Nauyin nan ya taso karan hancina ya sauka. Ta zare shi, ta goge min baki da gefen zaninta.

"Cije mu gani."

Na cije. Turamen suka zauna a kan juna daidai, hagu da dama. Ta ce alhamdulillahi, ta warware zaren daga yatsanta.

Bakina nawa ne yanzu, babu abin da ya hana ni tambaya. Tana nan a samana tana jira, idonta ya yi ja. Ban tambaya ba. In ta tsaya tunani kafin ta amsa, ba zan iya ɗauka ba. In kuma ta amsa da sauri, na riga na ga tana iya yin ƙarya saboda ni.

Sai na ce mata ina jin yunwa, kuma ba kunu nake so ba. Ta ɗaga kaina a hankali ta ɗora a kan matashi, ta tashi ta shiga kicin.